Kowa da Rezarsa: Aski a Ma'aunin Kimiyya

Duk wanda ya san zaman makarantar kwana ta maza a birnin Sakkwato ya san yadda safiyar Litinin take a bakin famfo. Ana shirin fita taron safe, inda za a duba farce da tufafi da gashi, sai ga manyan ɗalibai waɗanda gemu ya fara tsiro musu suna ta kai da komo wajen neman abin aski. Sau da yawa reza ɗaya ce a ɗakin kwana, irin mai mariƙin roba ɗin nan da ke ɗauke da tagwayen baki, ɗaya a bayan ɗaya. Mai ita ya yi aski, ya ɗauraye ta, ya miƙa wa abokinsa, shi ma ya miƙa wa na kusa da shi. Kafin a buga ƙararrawa ta bi ta kan haɓa biyar ko shida. Wani ta yanke shi, ya sa yatsa ya share jinin, ba wanda ya ɗauki abin a bakin komai.

Wannan 'yar reza, wadda ake saye a kan tebur a Babbar Kasuwa ko a shagon unguwa a Mabera da Runjin Sambo, ta cancanci a tsaya a dube ta da idon kimiyya, domin akwai kurakurai biyu da suka zauna daram a zukatan matasa game da ita. Na farko shi ne zaton cewa askin da ya fi kyau shi ne wanda ya bar fuska sumul kamar ƙwai, don haka rezar da ta fi yawan baki ita ce ta fi. Na biyu shi ne zaton cewa aron reza daidai yake da aron alƙalami. Kuskuren farko yana ɓata fata, na biyu kuwa yana iya kai mutum kabari. Ra'ayin wannan maƙala shi ne: ga mai gashi irin na Bahaushe, tsohuwar reza mai tagwayen baki ta isa, har ma wani lokaci ta yi yawa, abin da ba ya isa ko kaɗan shi ne reza ɗaya ga mutum biyu.

Daga zabira zuwa tagwayen baki

Aski a ƙasar Hausa sana'a ce mai asali, wadda ake gado, har tana da sarautarta ta Sarkin Aska. Wanzami yakan rataya zabirarsa, a ciki akwai asake iri-iri da ƙaho da dutsen washi da fatar da yake goga aska a kai. Askarsa baki ɗaya gare ta, kuma ƙwarewar tana hannunsa: shi ya san yadda zai karkata ta, da inda zai sassauta. Mutum ba ya yi wa kansa aski da irin wannan aska sai ya shirya zubar da jini.

Abin da ya mayar da aski aikin da kowa zai yi wa kansa ya faro ne a Amurka. Wani ɗan kasuwa mai suna King Camp Gillette ya kafa kamfaninsa a 1901, da tunanin a ƙera siririn ƙarfe mai kaifi, mai araha, wanda idan ya dakushe za a jefar a sayi wani. A 1903, shekarar da ya fara sayarwa, mariƙi 51 da reza 168 kacal ya sayar. Wannan ita ce kakar falen rezar da ake sayarwa a naɗe cikin takarda, mai kaifi a gefe biyu, wadda ake yanke farce da fiƙe fensir da ita. A 1962 kamfanin Wilkinson Sword na Ingila ya fito da irinta ta ƙarfen da ba ya tsatsa.

Tagwayen baki sun zo a 1971, lokacin da Gillette ya fito da reza mai suna Trac II, wadda aka sayar a Turai da sunan GII. A nan ne aka fara jera siraran ƙarafa biyu a cikin gidan roba, suna fuskantar waje ɗaya, ana zare gidan daga mariƙi idan ya tsufa a sa sabo. A 1975 kamfanin Bic na Faransa ya kawo wadda ake jefarwa gaba ɗaya, har da mariƙin. A 1977 aka sa wa kan rezar gaɓa, yana lanƙwasa yana bin tudu da kwarin fuska. Daga nan sai gasa ta ɓarke: baki uku a 1998, a rezar Mach3 wadda aka ruwaito an kashe kimanin dala miliyan 750 wajen samar da ita, baki huɗu a 2003 daga kamfanin Schick, baki biyar a 2006. Kowace sabuwa ta fi ta baya tsada, kuma kowace talla tana yi wa mai saye alkawarin fuska mafi santsi.

Abin da ke faruwa idan reza ta haɗu da gashi

Gashi yana tsirowa ne daga wani ɗan rami a cikin fata, wanda za a iya kira gurbin gashi. A can gindin gurbin ne kawai ake da ƙwayoyin halitta masu rai, waɗanda ke rarrabuwa suna tura gashin sama. Abin da ya fito waje matacce ne, an gina shi da wani furotin mai tauri da ake kira keratin, irin wanda ya gina farce da ƙahon sa da kofaton doki. Idan yaro ya balaga, sinadarin maza da ake kira testosteron yakan sa gurabun fuska su daina fitar da lallausan gashi, su koma fitar da mai kauri. Gemu yana ƙaruwa da kimanin kashi ɗaya cikin uku na milimita a kowace rana, wato kusan santimita ɗaya a wata.

Daga wannan bayani kaɗai mai karatu zai gane cewa maganar da samari ke yi, wai yawan aski yana sa gemu ya cika ya yi kauri, ba ta da tushe. Reza ba ta kai wa ga gindin gurbi, balle ta canja aikinsa. Wata masaniyar ƙirar jikin ɗan Adam a Amurka, Mildred Trotter, ta gwada wannan tun 1928, ta auna gashin da aka aske, ta tarar aski bai ƙara masa kauri ko saurin tsiro ba. Abin da ke ruɗin mutane shi ne, gashin da bai taɓa ganin reza ba yana da siririn kai, wanda aka yanke kuwa kansa a datse yake, sai a ji shi da kaushi. Yaron da ke kankare haɓarsa kullum don gemu ya fito, fatarsa kawai yake wahalarwa.

Busasshen gashin gemu yana da taurin gaske. A 2020 wasu masu bincike a jami'ar MIT ta Amurka sun buga wani nazari a mujallar Science, inda suka kalli aski a ƙarƙashin madubin ƙara girma mai aiki da lantarki. Sun ga cewa gashi, duk da ƙarfe ya ninka shi tauri kusan sau 50, yana ɓantare bakin reza, musamman idan ya lanƙwashe a ƙarƙashinta. Ke nan rezar da aka ce ta dakushe, bakinta cike yake da ƙananan giɓi kamar na zarto, kuma waɗannan giɓi su ne ke yagar fata. Ruwa ne ke karya taurin gashi. Keratin yana shan ruwa ya kumbura ya yi laushi, har ƙarfin da ake bukata a yanke gashin ya ragu da fiye da rabi bayan jiƙo na minti biyu zuwa uku. Wanzamin da ke daɗewa yana murza kan mutum da ruwa kafin ya ɗora aska ya san wannan ta hanyar gado. A Sakkwato, inda hunturu ke busar da fata har ta yi fari tana tsagewa, askin da ba a jiƙa ba ganganci ne.

To, mene ne amfanin baki na biyu? Masu binciken kamfanin Gillette sun lura cewa idan reza ta kama gashi, kafin ta yanke shi takan ɗan jawo shi waje daga gurbinsa, kuma ba nan take yake komawa ba. Idan aka sa wani baki dab da na farko, zai riski gashin kafin ya koma, ya sake yanke shi a ƙasa. Sa'an nan guntun da ya rage ya nutse, kansa ya koma daidai da fata ko ma ƙasa da ita. Wannan ne sirrin santsin da ake ji bayan aski da tagwayen baki, kuma a kansa aka gina na baki uku da na biyar.

Gashi mai murɗewa da ƙurajen aski

A nan ne halittar gashi ta shigo cikin zancen. Idan aka yanka gashin mutumin Sin aka duba bakin yankan, za a gan shi kusan da'ira, gurbinsa kuma a miƙe. Gashin mafi yawan mutanen Afirka kuwa a shafe yake kamar ƙwayar wake, gurbinsa a lanƙwashe, shi ya sa yake fitowa yana nannaɗewa. Reza tana yanke gashi a karkace, ta bar masa tsini kamar bakin allura. Miƙaƙƙen gashi mai tsini zai fito ya wuce abinsa. Mai murɗewa kuwa ɗayan biyu ne: ko dai ya fito, ya yi baka, ya dawo ya soki fata daga waje bayan 'yan kwanaki, ko kuma, idan an yanke shi ƙasa da fata, ya huda bangon gurbinsa ya ci gaba da girma a cikin nama.

Jiki yana ɗaukar wannan gashi tamkar ƙaya ce ta shige shi. Sojojin jini suka taru a wurin, wuri ya kumbura, ya yi ƙaiƙayi, wani lokaci ya tara mugunya. Waɗannan su ne ƙurajen aski da ake gani a ƙarƙashin haɓa da wuyan sojoji da 'yan sanda da ma'aikatan banki, da duk wanda aikinsa ya tilasta masa aski kullum. Likitocin fata biyu a Amurka, Strauss da Kligman, su suka bayyana yadda abin ke faruwa a 1956. Nazarce-nazarcen da aka yi, galibi a kan sojojin Amurka baƙar fata, sun nuna cewa tsakanin kashi 45 zuwa 83 cikin ɗari na masu aski a kai a kai suna fama da su. A 2004 an kuma gano wani ɗan bambanci a ƙwayar gado ta wani nau'in keratin da ke cikin gurbin gashi, wanda ke ƙara wa mai shi haɗarin kamuwa. Don haka ƙurajen aski ba alamar ƙazanta ba ne, kuma ba a ɗaukar su daga wani. Idan suka daɗe sukan bar baƙaƙen tabo, ga wasu kuma tabo mai tudu da ke ci gaba da girma, wanda likitoci ke kira keloyid. Akwai makamancin wannan da ke fitowa a ƙeya, wanda yawan kankare ƙeya ke tsananta shi.

Masu ƙera reza suna da hujjarsu, kuma adalci ne a kawo ta. Sun ce yawan baki yana rarraba nauyin hannu a kan fata, kuma yana rage yawan maimaita shafa a wuri ɗaya. Akwai gaskiya a ciki, domin maimaitawa tana kankare saman fata, wanda kaurinsa bai wuce kashi ɗaya ko biyu cikin ɗari na milimita ba. Amma dabarar jawo gashi a yanke shi a ƙasa, wadda ita ce dalilin yawaita baki, ita ce daidai abin da gashi mai murɗewa ba ya so. Shi ya sa likitocin fata ke shawartar mai ƙurajen aski ya koma ga reza mai baki ɗaya, ko kilifa da za ta bar masa kamar milimita ɗaya. Kamfanin Gillette da kansa ya fito a 2018 da wata reza mai suna SkinGuard domin masu wannan matsala. Baki biyu gare ta, an nisanta su da juna, an sa kariya a tsakani don kada a jawo gashin. Bayan shekara 47 ana tsere, an dawo kan biyu.

Saboda haka saurayin da ke ganin tsohuwar reza mai tagwayen baki abin kunya ce, yana tara kuɗi don sayen mai baki biyar, ya sani ba lafiyar fatarsa yake saye ba. Yadda ake riƙe reza ya fi yawan bakinta muhimmanci. A jiƙa gemu da ruwan ɗumi na minti uku, a sa kumfar sabulu sosai. A bi kwanciyar gashi, kada a yi masa gaba da gaba, a lura kuma cewa a wuya gashi yakan sauya alkibla. Kada a ja fata da yatsu don ta miƙe, domin hakan na sa a yanke gashi ƙasa da fata. Shafa ɗaya ta isa a kowane wuri, ba tare da dannawa ba, ana ɗauraye rezar bayan kowace shafa. Idan an gama a wanke fuska da ruwan sanyi, a shafa ɗan man kaɗanya. Rezar kuma a kakkaɓe ta, a ajiye inda za ta bushe, a yar da ita da zarar ta fara fizgar gashi. Wanda ƙuraje suka riga suka kama, maganinsa na farko shi ne ya ajiye reza na kimanin wata ɗaya, har gashin da ya nutse ya yi tsawon da zai zare kansa. Idan abin ya ƙi, ya ga likita, ya bar shafe-shafen man birki da fetur da ake yi a tasha, waɗanda ƙona fata kawai suke yi.

Jinin da ido ba ya gani

Matsalar fata mai sauƙi ce idan aka gwada ta da ta jini. Kowane aski yana barin ƙananan raunuka, ko an ga jini ko ba a gani ba, balle a fuskar da ke da ƙuraje. Reza mai tagwayen baki kuma tana da wani aibi da askar wanzami ba ta da shi: ɗan lungun da ke tsakanin bakunan biyu. A nan guntayen gashi da ɓawon fata da jini ke maƙalewa, yatsa ba ya shiga, ruwan famfo ba ya fitar da su duka, kuma roba ba ta jure tafasa. An ƙera ta ne domin fuska ɗaya.

Idan aka ambaci reza da jini, tunanin mutane yakan tafi ga ƙanjamau. Amma ƙwayar cutar da ta fi dacewa a ji tsoro a nan ita ce ta ciwon hanta nau'in B. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce ta fi ta ƙanjamau saurin kamawa sau 50 zuwa 100, kuma tana iya rayuwa a wajen jiki, a busasshen jini, na aƙalla kwana bakwai. Ke nan rezar da aka yi aski da ita ran Litinin tana iya harbin wanda ya ara ran Asabar. Wani likita Ba'amurke, Baruch Blumberg, shi ya gano alamar ƙwayar a cikin jini a shekarun 1960, aka ba shi kyautar Nobel a 1976, kuma ranar haihuwarsa, 28 ga Yuli, ita ce Ranar Ciwon Hanta ta Duniya.

Alƙaluman hukumar sun nuna cewa a 2022 mutum miliyan 254 ne ke ɗauke da wannan cuta a duniya, kuma ta kashe kimanin miliyan 1.1 a shekarar, galibi ta hanyar ƙanƙancewar hanta da ciwon dajin hanta. A Nijeriya, babban binciken ƙasa na 2018 ya gano cewa kashi 8.1 cikin ɗari na masu shekara 15 zuwa 64 suna ɗauke da ita, wato kusan mutum ɗaya cikin goma sha biyu. Mafi yawansu ba su sani ba, domin cutar takan yi shekaru tana cin hanta mutum yana harkokinsa lafiya lau. Ba a gane mai ita a fuska. Abokin da ya ba da aron reza da zuciya ɗaya yana iya kasancewa ya ba da abin da shi kansa bai san yana da shi ba. Akwai kuma nau'in C, wanda shi ma ta jini yake bi. Yana da maganin da ke warkar da shi, amma ba shi da allurar rigakafi.

Wani zai ce ai yawancin masu ciwon hanta a Afirka tun suna jarirai ko ƙananan yara suka kamu, daga uwa ko daga cuɗanya a gida, don haka reza ba ita ce babbar ƙofa ba. Wannan magana gaskiya ce, sai dai ƙarfafa hujja take yi. Baligin da ya kamu, jikinsa yakan kori ƙwayar, ƙasa da kashi 5 cikin ɗari ne cutar ke zaunar musu. Jariri kuwa, kimanin tara cikin goma cutar takan zauna musu har tsawon rai. A ƙasar Hausa kuma, wane ne ke haɗuwa da aska yana ɗan kwana bakwai? Ranar suna ake yi wa jariri askin farko, a wasu gidaje har da cire beli da tsaga. Daga baya ga kaciya, wadda akan tara yara a yi musu lokaci ɗaya a cikin hunturu. Ƙarfen da ya taɓa jinin wani ya fi haɗari a kan waɗannan ƙanana fiye da kowa.

Akwai allurar rigakafi mai inganci, wadda ta shiga jerin alluran yara a Nijeriya a 2004. Ana yin ta farko cikin awa 24 da haihuwa, sauran kuma suna cikin allurar nan mai haɗe da rigakafin cututtuka biyar, wadda aka fara a 2012. Amma binciken ƙasa na 2016 zuwa 2017 ya nuna cewa a Jihar Sakkwato kashi 3 cikin ɗari kacal na yaran da aka duba suka kammala zagaye uku na wannan allura, adadi mafi ƙanƙanta a ƙasar a wancan lokaci. Yaran wancan zamani su ne ke tasowa zuwa makarantun sakandare. Malamansu da aka haifa kafin 2004 kuwa, mafi yawansu ba su same ta a yarinta ba. Ɗakin kwanan da reza ke yawo a cikinsa cike yake da waɗanda ba su da kariya.

Wanzami da mai kilifa

Ba daidai ba ne a ɗora wa wanzami laifin duka, kamar yadda wasu 'yan boko ke yi. Ta fuskar fata, askarsa mai baki ɗaya ta fi dacewa da gashi mai murɗewa. Ta fuskar tsabta kuma, ƙarfe ce zalla, ana iya wanke ta da sabulu a tafasa ta na minti 20, abin da ba zai yiwu da rezar roba ba. Abin da ke gurgunta shi shi ne goga aska a fata ko a tafin hannu sa'an nan a ɗora wa na gaba. Washi yana gyara kaifi, amma ba ya kashe ƙwayar cuta. Wanzamai da yawa sun koma sa sabuwar reza ga kowane mutum, suna ɓare ta a gabansa, kuma wannan abin yabo ne da ya kamata ya zama ƙa'idar sana'a.

Shagon aski na zamani ma bai tsira ba. Kilifar da aka wasa don ta fitar da layin goshi tana yankan fata. Goge ta da kananzir ko fetur ba tsabtacewa ba ne, haka kuma wulga mata harshen wuta na daƙiƙa biyu. Abin da ke aiki shi ne a fara share gashi da datti, sa'an nan a jiƙa bakin cikin ruwan bilic, ma'auni ɗaya a cikin tara na ruwa, na minti goma, a ɗauraye, a busar, a sa mai. Buroshi da tawul da alif ɗin da ake gogawa a rauni su ma suna ɗaukar jini da makero daga wani kai zuwa wani. Alhazan Sakkwato shaidu ne cewa a Mina hukumomin Saudiyya suna umartar mahajjata su yi aski wurin masu lasisi, da rezar da ake amfani da ita sau ɗaya a jefar. Abin da aka iya tsarawa ga dubban ɗaruruwan mutane a kwana ɗaya ba zai gagari unguwa ba.

Abin da ya rataya a wuyan makaranta

Makarantar da ta wajabta wa ɗalibi aski ta ɗauki nauyin yadda za a yi askin. Ya kamata reza ta shiga jerin kayan da ake bukata daga kowane babban ɗalibi, kamar bokiti da buroshin haƙori, a rubuta suna a mariƙinta. Wanda ya ce talauci ne ke sa aro, ya gwada kuɗin reza ɗaya da kuɗin gwaji da maganin hanta na shekaru. Wanda ba shi da tasa, almakashi ya ishe shi, ko ya fita da gemunsa. Ya kamata kuma shugabannin makarantu su sassauta dokar fuska sumul. Gemun da aka rage da kilifa tsaf yake, kuma ɗalibin da ke da ƙurajen aski mara lafiya ne, horonsa a kan rashin aski zalunci ne. A tanadi gwangwani mai murfi don zuba tsofaffin reza, maimakon a watsa su a juji inda ƙananan yara ke tsince.

Malamin kimiyyar halittu yana da darasi a hannunsa wanda ba ya bukatar kayan waje. Ya ɗora gashin kai da na gemu a ƙarƙashin madubin ƙara girma, ɗalibai su ga bambancin kauri da tsinin da reza ta bari. Ya kawo tsohuwar reza, da safar hannu, su ga abin da ya taru a tsakanin bakunanta. Wanda ya gani da idonsa da wuya ya sake miƙa hannu aro. Sa'an nan makarantu su nemi haɗin kan asibitoci, irin su Asibitin Koyarwa na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo da Asibitin Ƙwararru, a riƙa gwada jinin ɗalibai da malamai. Wanda ba shi da cutar a yi masa allura uku cikin wata shida, wanda ke da ita a sa shi hannun likita, a kuma rufa masa asiri, domin ba a ɗaukarta ta cin abinci tare ko musafaha, kuma akwai magungunan da ke danne ta. Hukumomin lafiya su kuma su zauna da shugabannin wanzamai da ƙungiyoyin masu shagon aski a matsayin abokan aiki, domin maganar Sarkin Aska ta fi takardar ofis shiga kunnen wanzami.

Hausawa sun ce idan gemun ɗan'uwanka ya kama da wuta, shafa wa naka ruwa. Mutum ɗaya cikin goma sha biyu ba nesa yake ba: yana cikin aji, yana cikin sahu, yana cikin gida. Ɗalibin da abokinsa ya zo aron reza ran Litinin da safe, ya ba shi kuɗin sabuwa idan yana da hali, ko ya ba shi haƙuri. Tasa kuwa ta zauna a akwatinsa.